Shinkafa mai dusa: yadda na bi tsarin makrobiyotik a Japan

Tun daga shekarar 2008 dokar Japan ta tanadi cewa duk wanda shekarunsa ke tsakanin 40 da 74, kuma yake cikin inshorar lafiya ta ƙasar, a riƙa yi masa wani gwaji na musamman kowace shekara, inda ake auna kewayen ciki da hawan jini da sukari da kitsen da ke yawo a jini. Ga namiji, da zarar kewayen cikinsa ya kai santimita 85 an fara sa masa ido. Ni kuwa na cika arba'in ne ina tsakiyar aikin binciken noma a wata jami'a da ke lardin Ibaraki, arewa maso gabas da Tokiyo, saboda haka gwajin ya biyo ta kaina, kuma takardar sakamakon ba ta zo da labari mai daɗi ba. Cikina ya zarce ma'auni, sukarina yana bakin iyakar da idan aka tsallake ta sai a ce mutum ya kamu da ciwon sukari, jinina kuma ya fara hawa. Jami'ar kula da abinci da aka haɗa ni da ita ta sa na rubuta mata duk abin da nake ci a mako, kuma da na duba takardar da hannuna ya rubuta, sai na ga farar shinkafa safe da yamma, da burodin shagunan da ba sa rufewa dare da rana, da kofin gwangwani mai zaƙi wanda ake saya a na'urorin bakin titi, da soyayyen naman kaza mai ƙanƙara da muke saya a shagon halal.

Wani abokin aikina Bajapane, wanda ya lura da irin wahalar da nake sha wajen neman abin da babu naman alade ko giya a cikinsa, shi ya fara yi mini maganar wani tsarin cin abinci da ake kira makrobiyotik. Hujjarsa mai sauƙi ce: masu bin wannan tsari ba sa dafa nama kwata-kwata, don haka rabin damuwata ta kau tun kafin in zauna. Matarsa tana zuwa wani ajin koyon girki da wata dattijuwa ke gudanarwa a gidanta ranakun Asabar, kuma ta hannunta aka nema mini wuri. Ni kaɗai ne namiji a ajin, ni kaɗai ne baƙo, kuma Japanancina a lokacin bai wuce na cefane da gaisuwa ba, amma girki abu ne da ido ke koya tun kafin kunne ya gane.

Darasin farko gaba ɗayansa a kan shinkafa ya ƙare. Ita ce genmai, shinkafar da aka cire wa ƙaiƙayi kawai aka bar mata dusarta da ɗan idon nan da tsiro ke fitowa daga gare shi, launinta ruwan ƙasa. Malamar, wadda kowa ke kira Sensei, ta zuba ta a faffaɗan tire ta sa muka tsince tsakuwa da ƙwayoyin da suka lalace, sannan ta nuna mana wanki: ba a cuɗa ta da ƙarfi, a hankali ake juya ta da tafin hannu cikin ruwan sanyi, a tsiyaye, a sake. Daga nan sai a jiƙa ta ta kwana, domin dusar tana hana ruwa shiga da wuri, kuma wanda ya yi gaggawa zai ci shinkafa mai tsakiya ɗanya. Washegari ake zuba ta a tukunyar matsin tururi da ruwan da ya ɗan fi ta yawa da ɗan gishirin teku, a ƙara wuta har tukunyar ta fara huci, a rage wutar ƙasa sosai na kusan minti ashirin da biyar, a sauke, kuma kada a buɗe sai tururin ya sauka da kansa. Tun da ita ta jiƙa tata tun daren jiya, a ranar muka ci. Ta fito da danƙo da wani ƙamshi mai kama da na gasasshiyar gyaɗa, kuma ta fi duk shinkafar da na saba da ita nauyi a baki.

A wajen cin ne aka zo ga ƙa'idar da ta fi kowace ba ni wuya, ita ce kuma daga baya na fi amfana da ita. Sensei ta ce kowace loma a tauna ta aƙalla sau hamsin, kuma a ajiye tsinkayen cin abinci a kan tebur tsakanin loma da loma. Mutumin da ya tashi a gidan da ake yanko tuwo a dangwali miya a haɗiye ba tare da haƙori ya taɓa shi ba, wannan umarni baƙo ne gare shi ƙwarai. Muƙamuƙina ya gaji tun ban ci rabin kwano ba. Amma wajen tauna ta talatin wani abu yana faruwa wanda kowa zai iya gwadawa ya tabbatar: shinkafar tana komawa zaƙi-zaƙi, saboda yawu yana ɗauke da sinadarin da ke fara narkar da sitaci ya mayar da shi sukari tun a baki. Abincin da na saba gamawa cikin minti biyar ya koma yana ɗaukar rabin sa'a, kuma ƙoshi yana riskata alhali da saura a kwano.

Abin da na fi jin daɗin koyo shi ne gomashiyo, wato riɗi da gishiri da ake barbaɗawa a kan shinkafa. Ana fara soya gishirin shi kaɗai a busasshen kasko har ya bushe ƙayau, a juye shi a wani kwanon ƙasa mai tsaga-tsaga a cikinsa, a niƙe shi da 'yar taɓaryar katako har ya zama gari. Sannan a soya riɗin a wuta kaɗan ana juyawa ba tsayawa, kuma ba a duba agogo: Sensei takan ɗauko ƙwaya ɗaya ta matse ta tsakanin babban yatsa da yatsan zobe, wanda shi ne mafi rauni a hannu, idan ta murƙushe cikin sauƙi to ya soyu, idan ta ƙi a ci gaba, idan kuma ta fara ɗaci an makara. Sai a zuba riɗin a kan gishirin da zafinsa, a riƙa juya taɓaryar a hankali ba tare da dannawa ba, domin abin da ake so shi ne man riɗin ya lulluɓe kowace ƙwayar gishiri ba tare da ya koma tunkuza ba. Da na gaya mata cewa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai ana noman riɗi sosai, kuma Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, sai ta ɗauko ledar ta duba bayanta, ta ce lallai kusan duk riɗin da ake ci a ƙasarsu daga waje ake shigo da shi.

A hankali na fara sanin asalin abin da na shiga. Tushensa yana komawa ga Sagen Ishizuka, wani jami'in lafiya na rundunar sojan Japan wanda ya rasu a 1909, ya kuma kafa ƙungiyar Shokuyokai a 1907 don kiran mutanensa su koma ga abincin kakanninsu a lokacin da nama da madara da farin sukari ke shigowa daga Turai. Zamanin nasa zamani ne da cutar kakke ke kashe ƙafafun mutane tana raunana zukatansu a birane da barikokin soja, inda farar shinkafa ta zama abincin yau da kullum, kuma a shekarun 1880 likitan sojan ruwa Kanehiro Takaki ya nuna cewa sauya abincin ma'aikatan jirgi, har da haɗa musu sha'ir, yana kawar da cutar. Daga baya aka gano cewa bitamin B1 ne ke tafiya tare da dusar da ake gogewa, kuma rashinsa ne ke jawo cutar. Wanda ya ɗauki koyarwar Ishizuka ya fita da ita duniya shi ne Yukikazu Sakurazawa, wanda Turawa suka sani da George Ohsawa, an haife shi a 1893 ya rasu a 1966. Ya ce da wannan abinci ya warke daga tarin fuka yana saurayi, ya je Faris a 1929 yana yaɗa ra'ayinsa, har a 1955 ya kai Lambarene ta ƙasar Gabon wajen likita Albert Schweitzer. Almajirinsa Michio Kushi, wanda ya tafi Amurka a 1949, shi da matarsa Aveline suka kafa shagon sayar da abinci mai suna Erewhon a Boston a 1966, suka buɗe cibiyar koyarwa a 1978, kuma daga gare su ne tsarin ya samu siffar da aka fi saninsa da ita a yau.

Siffar ita ce: kusan rabin abin da mutum zai ci a rana ya zama hatsin da ba a goge ba, kamar shinkafa mai dusa da sha'ir da gero, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kayan lambu na lokacin da ake ciki, ɗan abin da ya rage kuma wake da ganyen teku da romon miso, wanda ake yi da waken suya da aka tsima da gishiri na tsawon watanni. Kifi mai farin nama jefi-jefi. Babu nama, babu ƙwai, babu madara da duk abin da aka yi da ita, babu sukari, babu kofi. Bayan abinci akwai ladubban rayuwa: kada a ci komai sa'o'i uku kafin barci, a yi tafiyar ƙafa ta rabin sa'a kullum, a goge jiki da tawul mai ɗumi safe ko dare, a dafa da wutar gas ko itace maimakon na'urar ɗumama abinci ta lantarki, a tashi daga cin abinci da sauran wuri a ciki. Wannan ta ƙarshen ba ta zame mini baƙuwa ba, domin tun muna yara ake karanta mana hadisin da ya raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Duk waɗannan kuma an ɗora su a kan ra'ayin yin da yang: kowane abinci ana ɗaukarsa ko dai mai sanyaya jiki da saki, wanda ake kira yin, ko mai ɗumama shi da tsukewa, wanda ake kira yang, sukari da 'ya'yan itatuwan ƙasashe masu zafi a ƙarshen gefe ɗaya, nama da gishiri a ƙarshen ɗaya gefen, shinkafa mai dusa kuma a tsakiya.

Batun halal bai zo da sauƙin da abokina ya zata ba. Girkin Japan yana yawan amfani da mirin, wanda giyar shinkafa ce mai zaƙi, kuma wasu kamfanoni suna ƙara barasa a miso da ruwan waken suya mai gishiri da ake kira shoyu don kada su ci gaba da tsima a cikin leda. Na koyi gane haruffa biyun da ke nuna an ƙara barasa a jerin kayan haɗi, na nemi shoyu mai shaidar halal, Sensei kuma, ba tare da na roƙa sau biyu ba, ta riƙa ware mini tukunya ta daban tana sa mini ruwan malt na shinkafa a madadin mirin. Wannan karamci nata yana cikin dalilan da suka sa na daɗe a ajin.

Makonnin farko jikina bai karɓi sauyin da hannu biyu ba. Ciwon kai ya dame ni na 'yan kwanaki bayan barin kofi, cikina ya riƙa kumburi saboda yawan wake da dusa da bai saba da su ba, kuma da la'asar nakan ji kwaɗayin zaƙi kamar zai fitar da ni daga ofis. A ajin an ce mini wannan alama ce ta dafin da ke fita daga jiki. Ban karɓi wannan bayani ba, domin duk wanda ya bar kofi farat ɗaya yana samun irin wannan ciwon kai ko da tsire yake ci kullum, kuma hanji yana buƙatar lokaci kafin ƙwayoyin da ke cikinsa su saba da abinci mai faiba da yawa. Bayan wata guda abubuwa suka daidaita. Gyangyaɗin da ke kama ni bayan azahar ya tafi, bayan gida ya zama kan lokaci ba tare da wahala ba, barcina ya yi nauyi, wandona ya fara sakin ƙugu.

A gida ne aka yi ta ta ƙare. Ina tare da iyalina, kuma uwargida ta yi haƙuri da jiƙa shinkafa da raba tukunya, har ta ƙware a kinpira, wato saiwar wani tsiro da suke kira gobo da karas da ake yankawa siri-siri ba tare da an feƙe bayansu ba, a soya sama-sama da man riɗi a turara da ɗan ruwa. Amma ranar da na kawo mata takardar abubuwan da aka ce a guje musu, ta karanta ta ga tumatir da tattasai da attaruhu da yalo da dankalin Turawa a jere, sai ta ajiye takardar ta dube ni.

"Baban Ummi, to da me za a yi miyar?"

Na ce mata an ce waɗannan duka 'yan gida ɗaya ne a tsirrai, kuma suna ɓangaren da ake kira yin sosai, suna sanyaya jiki.

"Attaruhun ne ke sanyaya jiki?" in ji ta. "Ka ci naka yadda malamarka ta ce, Allah ya ba da lafiya. Amma yaran nan ba zan hana su madara da ƙwai ba."

A kan duka biyun gaskiya tana wajenta, kuma tambayar tata ce ta sa na zauna na rarrabe abin da ke cikin tsarin nan gida biyu. Akwai abin da ke da hujjar da za a iya aunawa: hatsi mai dusa yana sakin sukarinsa a hankali fiye da wanda aka goge, wake da ganye suna ƙosarwa ba tare da sun tara kitse ba, barin lemon kwalba da kayan zaƙi yana rage nauyi. Akwai kuma rabon yin da yang, wanda ra'ayi ne na falsafa da aka gada daga tsohuwar Sin, yana da kyau a matsayin hanyar tuna wa mai girki ya daidaita tukunyarsa da yanayi, amma ba ma'auni ba ne da za a hana mutum tumatir da shi. A matsayina na mai binciken amfanin gona ban ga wani dalili na ilimi da zai sa lafiyayyen mutum ya guji tumatir ko tattasai ba. Haka kuma zuciyata ba ta kwanta da tsarin da ke ɗaukar zuma da dabino da nono a matsayin abin gudu ba, alhali al'ummomi masu yawa sun rayu a kansu ƙarni bayan ƙarni.

Wajen wata na uku wasu 'yan ajin suka shirya yin abin da suke kira lamba bakwai, wato kwana goma ba a cin komai sai shinkafa mai dusa da gomashiyo da ɗan shayi kaɗan. Ohsawa ne ya tsara matakan abinci guda goma, wannan kuma shi ne na ƙololuwa a wajensa. Aka gayyace ni, na nemi uzuri, domin na riga na karanta abin da ya faru a Amurka: a 1965 wata matashiya a jihar New Jersey ta mutu bayan ta shafe watanni a kan wannan mataki mai tsanani, kuma a 1971 majalisar kula da abinci ta ƙungiyar likitocin Amurka ta fito ta yi gargaɗi a kan tsarin, tana ambaton cututtukan rashin bitamin da ƙarancin jini da lalacewar ƙoda saboda taƙaita shan ruwa. Sensei ba ta matsa mini ba, ta ma ce ita kanta ba ta yarda kowa ya wuce kwana goma ba. Duk da haka ina ganin mutumin da sukarinsa ke rawa, balle wanda ke shan magani, bai kamata ya shiga irin wannan ba tare da likita ya sani ba.

Gishiri ma sai da na yi taka-tsantsan da shi. Miso da shoyu da umeboshi, wani ɗan itace mai tsami da ake tsimawa da gishiri mai yawa, su ne ke ba abincin ɗanɗano tun da babu nama, kuma idan aka haɗa su da gomashiyo a rana ɗaya an wuce giram biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai a yini. Mutumin da jininsa ke hawa ba zai yi wasa da wannan ba, don haka na tsaya a kan romon miso ƙaramin kwano ɗaya a rana, na ƙara yawan riɗi a gomashiyona na rage gishirin. Ganyen teku na kombu, wanda ake dafa romo da shi, yana da aidin mai yawan gaske, kuma yawan cinsa yana iya dagula aikin ƙullin wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Hijiki kuwa, wani ganyen tekun da ake yabo ƙwarai a ajin, hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta shawarci mutane a 2004 su daina cinsa saboda gubar asanik da ke cikinsa, ni ma sai na bar shi.

Game da yara, abin da uwargida ta faɗa da hankalin uwa na same shi a rubuce. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Pieter Dagnelie da Wija van Staveren, sun bibiyi jariran iyalan da ke bin makrobiyotik sau da ƙafa, suka tarar girmansu yana tsayawa musamman tsakanin wata shida da wata goma sha takwas, ga ƙarancin bitamin B12 da sinadarin ƙarfe, ga laushin ƙashi mai lanƙwasa ƙafafu. Bitamin B12 daga nama da kifi da ƙwai da madara ake samunsa, kuma miso ko ganyen teku ba abin dogaro ba ne a kansa, ko da yake a ajin an sha gaya mana akasin haka. Rashinsa yana taɓa jini da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, kuma a jikin yaro ɓarnar tana iya daɗewa. Na kai wa Sensei wannan magana cikin ladabi, ta saurara har na gama, ta ce ita ta ga yara da yawa da suka tashi a haka lafiya lau. Ban yi musu da abin da idonta ya gani ba, amma 'ya'yana sun ci gaba da shan madararsu, ni kuma na mayar da kifi sau biyu ko uku a mako.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata mata da ta shigo ajin daga baya, mai yawan shiru, wadda muka ji cewa an gano mata kansar mama kuma tana jinkirta tiyata don ta gwada abinci tukuna. Sunan makrobiyotik ya yi tashe a Amurka ne a kan labaran mutanen da suka ce sun warke daga kansa ta hanyarsa, amma manyan ƙungiyoyin yaƙi da kansa na Amurka da Birtaniya sun bayyana cewa babu hujjar da ta nuna yana warkar da ita. Gidan Kushi kansa bai tsira ba: 'yarsu ta rasu da kansa a 1995, Aveline ta rasu da kansar bakin mahaifa a 2001, shi ma Michio cutar kansa ce ta yi ajalinsa a 2014. Ban kawo wannan don aibata su ba, cuta da ajali ba sa tambayar abin da mutum ke ci, na kawo shi ne don alkawarin da ake yi wa marasa lafiya ya fi ƙarfin abin da shinkafa za ta iya. Abin da ya ƙara mini ganin girman Sensei shi ne yadda ta zaunar da matar bayan darasi, ta riƙe hannunta, ta ce mata ta koma wajen likitanta a yi abin da ya kamata, ita kuma za ta koya mata abin da za ta riƙa ci kafin aiki da bayansa. Ba kowane malamin wannan tsari ne zai faɗi haka ba.

Da shekara ta zagayo aka sake gwaji, cikina ya dawo ƙasa da ma'auni, sukarina ya sauka daga bakin iyaka, jinina ya daidaita. Likitan da ya duba takardar ya tambaye ni abin da na sauya, na zayyana masa, ya ce duk wanda ya bar abin sha mai zaƙi, ya koma hatsi mai dusa da wake da ganye, ya rage nauyi, yana tafiya kullum, zai ga irin wannan ko da wane suna ya kira abin da yake yi. Ya ƙara da cewa in ci gaba da kifin, in kuma riƙa duba B12 lokaci-lokaci.

Da aikina ya ƙare muka dawo gida, ƙa'ida ɗaya daga cikin koyarwar ta biyo ni fiye da sauran, ita ce wadda suke kira shindo fuji: mutum ya ci abin da ƙasar da yake zaune a kanta ke fitarwa, a lokacin da take fitar da shi. Idan aka bi ta da gaske, babu ma'ana mutumin Zariya ya riƙa aiko da miso da kombu daga Tokiyo. Gero yana cikin hatsin da tsarin ke girmamawa, ga dawa, ga acca, ga wake, ga kuka da kuɓewa da zogale da rama da yakuwa da kabewa, ga riɗi a inda ake nomansa. Daddawa kuma, wadda ake tsima ƙwayar ɗorawa a yi ta, ƙwayar halittar da ke tsima ta ita ce dai mai tsima natto, waken suyan nan mai yauƙi da lardin Ibaraki ya yi suna a kansa. Shinkafarmu ta gida da ake turarawa da ƙaiƙayinta kafin a casa tana riƙe wani kaso na bitamin ɗin dusa, saboda turarin yana tura shi cikin ƙwayar.

Inda na gamu da cikas shi ne surfe. A gidajenmu hatsin da ba a surfa ba ana ganinsa abincin wanda ya rasa, dusar kuma ta awaki ce da kaji, kuma ranar da na aika a niƙo dawa yadda take, mai injin ya dawo da yaron ya tambaya ko mantawa aka yi. Tuwon ya fito da duhu da ɗan ɗaci da gari-gari a harshe, bai kuma yi santsin da ake so ba, mahaifiyata ta ci loma biyu ta ce a dama mata kunu. Surfe yana da dalilansa da ba na raina ba: yana kawar da ƙasa da ƙura da fumfunar da kan kama bayan ƙwaya idan ajiya ba ta yi kyau ba, yana rage ɗacin jar dawa, garin kuma ya fi jimawa bai yi wari ba tun da an cire ɓangaren da ke da mai. Don haka muka sauya dabara. Yanzu farar dawa ko gero muke saya, a tsince, a wanke sosai, a shanya ya bushe, a yi masa surfe sama-sama wanda zai ɗauke bayan waje kawai ya bar yawancin dusar, kuma ba ma niƙa fiye da abin da za a ci a mako. Na gidan gaba ɗaya ana haɗa wannan garin da wanda aka surfa sosai rabi da rabi, nawa kuma ana tuƙa shi zalla a ƙaramar tukunya. Geron kunu da na koko ana jiƙa shi ya kwana ya ɗan yi tsami kafin a niƙa, wanda hakan ke rage sinadarin da ke cikin dusa mai hana jiki tsotsar ƙarfe da zinki. Miyar kuwa da tumatirinta da attaruhunta ake yi, an dai rage mai, daddawa ta karɓi wurin yawancin dunƙulen da a da ake jefawa, nama kuma ya koma na ranar Juma'a da ranar da aka yi baƙi.